Karsanar da Na Ajiye a Kwamfuta

Aikina duba dabbobi ne. Shekara da shekaru ina yawo a kan babur tsakanin Isa da Sabon Birni, ina yi wa shanu allura, ina ɗura wa tumaki maganin tsutsa, ina sa hannu inda mai ƙyanƙyami ba zai ko leƙa ba. Mai irin wannan aiki ba ya yarda da dabbar da ba ta bari a buɗe bakinta a ga haƙora. Na san haka tun ina sabon shiga, amma ranar da na tsaya gaban wani shago a Sakkwato sai na manta da shi sarai, kuma Yayata ce abin ya faɗa wa a ka.

Kwamfutata ta farko ta gwanjo ce, baƙa, mai kauri. Wai irin ta ɗorawa a cinya ce, amma cinyar da za ta ɗauke ta awa guda sai dai ta mahauci. Murfinta yana da 'yar ƙugiya, in ka rufe sai ka ji ƙas, ka san ta rufu. Batirinta a bayanta yake, ka ture wani ɗan maɓalli ya zamo maka a hannu, ka cusa wani. Biyu gare ni, ɗaya a ciki, ɗaya a aljihun jaka tare da allurai. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙofofi guda uku, kowacce da sukuru biyu, kuma sukudireban da nake gyara fitilar babur da shi yana kwance su duka. Wanda ya ƙera ta ya san wata rana wani talaka zai so ya ga cikinta, kuma bai ɗauke shi ɓarawo ba.

Ta sha wuya a hannuna, Allah ya sani. Ta faɗo daga bayan babur a hanyar Kamarawa, ta yi tsalle biyu a kan tsakuwa, na ɗauko ta ina salati, na buɗe, ta kama abinta, sai dai gefe ɗaya ya ɗan ɓantare. Wani bijimi ya hauri jakar da take ciki. Fura ta zube mata a kan madannai, na cire su gaba ɗaya na wanke na shanya a kan zana, da la'asar na mayar. In fankarta ta fara gurnani, ƙaiƙayi ne ya cika ta, sai in kwance ƙofar in hura mata iska da famfon keke. Wuta kuwa duk wadda ta samu sha take yi. A ƙauye ina jona ta a janaretan mai injin niƙa, wanda wutarsa ke hawa da sauka gwargwadon nauyin hatsin da aka zuba, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Na saye ta ne domin rubuta rahoton rigakafi, amma ba a daɗe ba ta samu wani aikin da ba wanda ya ɗora mata. A ƙasarmu manomi da ya samu saniya ɗaya ko biyu ba ya riƙe su a gida in shekara ta yi tsanani. Yakan ba makiyayi amana, su bi garke zuwa kudu inda ciyawa take, in an samu ruwa su dawo. Yadda muka taras ana yi, ranar miƙa amana sai a kira dattawa biyu a ba su goro. Ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya ya zagaya saniyar yana shafa ta da hannu yana faɗin abin da ya gani da ƙarfi, kowa yana ji: ja ce, ƙahon dama ya fi karkata, akwai tabon ƙaya a haƙarƙari, jela ta gaza kaiwa dunduniya. Ɗayan ya maimaita. Saniya guda takan ci rabin hantsi. In bayan shekara biyu aka yi gardama, waɗannan dattawa ake nema, kuma da wuya su yi kuskure, don hannunsu ya taɓa dabbar.

Ni ne na ɓata wannan tsari, ba da mugun nufi ba. Wata rana ina rugar wani dattijon Bafulatani da duk muke kira Baffa, ana miƙa amana, sai na ɗauki hoton saniyar da waya, na zuba a kwamfuta, na rubuta sunan mai ita da kamanninta a ƙasa. Aka taru ana kallo ana dariya. Da garke ya dawo kuma aka samu wasu biyu suna jayayya a kan wani maraƙi, na buɗe murfi, magana ta mutu nan take. Daga nan fa sai kowa ya ce a kira malamin dabbobi ya sa a na'ura. Shekarar farko dattawa sun zo sun tsaya a gefe. Shekara ta biyu ɗaya ne ya zo. Ta uku ba wanda ya aika musu goro, su ma ba su tambaya ba. Shekara shida baƙar kwamfutar nan tana riƙe da amanar mutane ba ta zubar da ko kofato ba, har na daina tunanin a kwafe komai a ajiye wani wuri. Ita ta sangarta ni.

Abin da ya raba mu abin kunya ne, za ni faɗe shi duk da haka. An kira mu wani taron bita a Sakkwato. Da na ciro ta na ɗora a tebur, teburin ya amsa, sai wani abokin aiki daga birni ya waiwayo ya ce, «Malam, dutsen niƙa kaz zo muna da shi?» Aka kwashe da dariya, har da matan da ke layin gaba. Na duba hagu na duba dama, kowa da 'yar siririyar abarsa mai ruwan azurfa, ana ɗagawa da yatsa biyu. Na yi dariya tare da su, amma a raina na ji zafi. Mutum mai furfura a gemu, wanda bijimi ya sha kayarwa a gaban jama'a bai ji kunya ba, ga shi dariyar 'yan birni ta hana shi cin abincin rana. Kafin in shiga motar Isa na biya kasuwa, na ba da tawa na yi ciko, aka miƙo mini sabuwa fil a kwali. Mai shagon ya kwashe mini abin da ke cikin tsohuwar ya zuba a sabuwar, ya goge waccan tas a gabana, ya jefa ta ƙarƙashin kanta.

Kwana uku na yi ina jin daɗinta. Ba nauyi, fuskarta tar, kafin ka ƙifta ido ta kama. A rana ta huɗu na juya ta don in ga inda ake cire batir, sai na ga babu. Babu ƙofa, babu maɓalli, babu sukurun da sukudirebana ya sani. Sumul take daga sama har ƙasa. A lokacin na ɗauka ci gaba ne.

Kafin wata uku na gane abin da na sayo. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga ƙarƙashin wani harafi, harafin ya daina aiki, kuma ba a cire madannan sai an fasa ta gaba ɗaya, haka na koma rubuta rahoto ina tsallake shi ina cikewa da biro. Inda murfi ya haɗu da jiki ya fara ƙara, sannan ya tsage, ashe roba ce aka shafa wa ruwan azurfa. Ramin caja ya saki, sai na tokare wayar da dutse kafin ta sha wuta. In rana ta take, ƙasanta yakan yi zafin da ba a ɗora ta a cinya, ita da aka yi domin cinya. Janaretan mai niƙa kuwa ko kusa ba ta yarda da shi, sai ta riƙa kamawa tana saki. Na koma lallaɓa ta, ina naɗe ta da tawul, ina nema mata inuwa kafin in nema wa kaina.

A wannan shekara ce fari ya fara. Ruwa ya sauko sau biyu, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Muka yi ta duban gabas har ido ya gaji. Dawa ta bushe a tsaye, tafkuna suka zama fako tun kafin kaka, kuma duk wanda ya san dabba ya san ba za a kai bazara da shanu a ƙasar nan ba. Baffa ya aiko cewa zai tashi da wuri, mai amana ya kawo.

Ana cikin haka mijin Yayata ya rasu. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goya ni, kuma har na yi gemu ba ta daina yi mini magana kamar wanda ta goya ba. Ya bar ta da yara huɗu da rumbun da ba komai a ciki. Da danginsa suka raba abin da ya bari, rabonta da na yaran ya tashi a kan karsana guda, ja, wadda aka koro daga ƙauyensu. Yaya tana takaba, ba ta fita. Sau ɗaya ta gan ta, ta saman danga, da yamma. Ta kira ni ta ce, «Wagga ita ɗai ta rage muna. Ka kai ta ga Baffa da hannunka. In Allah ya sa ta haihu, ɗiyan ga su sha nono, in ta ƙara haihuwa mu samu na noma.» Sannan ta tambaya, «Wa za ka kira shaida?»

Na ce, «Yaya, wane shaida kuma? Yanzu ai a na'ura aka sawa.»

Ta ce, «To, kai kas sani.»

Ranar miƙa amana rugar Baffa ta cika, don kowa tsoron bazara yake yi. Na yi ta ɗauka ina zubawa ina rubutawa, rana tana dukan fuskar kwamfutar har sai na rufa tawul a kai kafin in ga abin da nake yi. Hankalina duk yana kan batir, kada ya ƙare kafin a gama layi. Jajayen karsana biyu aka kawo a jere, tsara ɗaya, girma ɗaya: ta Yaya, da ta wani maƙeri daga Unguwar Lalle, mutumin kirki da ba a taɓa jin sa da kowa ba. Na ɗauki ta farko na rubuta, na ɗauki ta biyu na rubuta. Da na gama na goge hotunan daga waya kamar kullum, don cikinta kaɗan ne. Baffa ya yi wa dukan shanun amana tsaga ɗaya a kunne, irin ta gidansu, don kada su ɓace masa a hanya. Washegari suka yi kudu.

Bazarar da ta biyo baya ban taɓa ganin irinta ba. Babu gajimare ko na magani, iska in ta taso sai ka ce daga bakin murhu. Wata rana na dawo daga Sabon Birni da azahar, na ciro kwamfutar daga jaka, sai na ga murfin ya ƙi haɗuwa da jiki. Cikinta ya kumbura, ya turo madannai sama, kamar akuyar da ta ɓarke buhun dusa. Da akuya ce, da na san inda za ni soka iska ta fita. Na danna maɓalli, shiru. Na jona ta a wuta, na ji wani ɗan ƙauri, shi ke nan.

Mai gyaran waya a kasuwar Isa ya juya ta sau uku ya miƙo mini, ya ce shi bai ga ta inda ake shiga ba. Na ɗauki motar Sakkwato. Mai shagon da ya sayar mini ya ce zafi ne, kuma zafi ba ya cikin abin da suke ɗaukar nauyinsa. Na ce a Sakkwato kake sayar da abin da ba ya son zafi? Ya ɗaga kafaɗa. Aka kwatanta mini wani Bayarabe mai gyara a bayan kasuwa, tsohon hannu. Yana ganin tsagar fuskata ya washe baki, don tsakaninmu da su akwai wasa.

Ya ce, «Bagobiri da kwamfuta! Bawana, wa ya ba ka izini?»

Na ce, «Ubangidanka ne ya zo, tashi ka yi aiki.»

Ya ɗauko abin busar da gashi na mata ya yi ta hura mata zafi a gefe-gefe har gam ɗin ya saki, sannan ya ɓamɓare ta da wata 'yar wuƙa. Na leƙa ciki. Batirin ne ya cinye kusan duk wurin, ya kumbura ya yi tsami. Sauran kuwa ɗan allo ne guda, bai fi tafin hannuna ba. Na ce ni ba ruwana da ita, ta mutu ta huta, ya ciro mini rumbunta kawai, wato inda take ajiye abin da aka zuba mata.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu a jikin allon, ƙarami kamar farce. Ya ce, «Ga rumbun naka. Da dalma aka liƙe shi, ba a cirewa. Kuma duba nan, wuta ta bi ta kansa ta ƙone.»

Na ce, «A tsohuwata sukuru biyu ne.»

Ya ce, «Na sani. Irin waccan ko mota ta taka ta, ina ciro rumbun in sa a wata, ka tafi da kayanka kafin shayinka ya huce. Waɗannan ba a yi su don a gyara ba. Me ke ciki?»

Na ce, «Shanu.»

Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskata, ya fasa.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani ya zauna a wata ƙasa mai sanyi, da iliminsa da albashinsa, ya yanke shawarar a cire sukuru a sa gam, a ɗauke ƙarfe a sa roba, a liƙe rumbu a jikin abin da ya san zai ƙone, don kawai abu ya yi siriri a hannun mai zuwa taro. Ba rashin sani ba ne, ai su ne suka ƙera ta da. Sun iya, suka daina. A shagon Bayaraben nan na ga irin baƙar tawa guda biyu a kan benci suna ta aiki, fankarsu tana gurnani, an ɗaure murfin ɗaya da salatif. A ƙasa kuma kwali ne cike da sirara masu ruwan azurfa, an jibge su, ko wadda ta shekara uku babu. Amma in na gama tsine wa maƙeranta sai in dawo kan wawan da ya ba da lafiyayya ya karɓo gawa saboda an yi masa dariya, kuma bai ko sayi ɗan abin kwafe hotuna ba.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina ai Baffa ya san kowace saniya da mai ita, hoton dama ƙari ne. Damina ta biyu ma ta zo ta wuce ba abin kirki, garke bai dawo ba. Yaya kuwa tun da ta fita takaba ta koma surfe da daka a gidajen mutane, tana dafa wa yara tafasa da ɗan garin da aka samu. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta ce, «Ina labarin jata?» In ce tana nan lafiya. Wata rana ta ce in buɗe na'urar ta ga hoton ko ta ji sanyi, na ce babu caji. Wannan ƙarya na yi ta fi sau biyar, kuma kowane karo sai na ji ƙyamar kaina.

A shekara ta uku Allah ya kawo ruwa. Ciyawa ta tashi, aka ce garke yana hanya. Labarin da ya riga shi isowa shi ne Baffa ya rasu a can kudu, zazzaɓin kwana huɗu. Wanda ya koro shanun ɗan ƙanensa ne, magidanci, wanda ya tarar da su a can daga baya. Ya san kowace saniya da halinta, ya san na gidansu, ya ware na amana gefe guda bai taɓa ko ɗaya ba. Abin da bai sani ba shi ne wace ce ta wa, don wannan a kan Baffa yake.

Aka sa rana, aka taru a gaban Arɗo, shugaban Fulanin yankin, da hantsi. Nan ne dole ta sa na faɗi gaskiya, cewa na'ura ta mutu da komai a cikinta. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Yawancin mutane sun rayu da dabbobinsu kafin su ba da su, suka shiga suka nuna nasu ba gardama. Aka watse saura mu kaɗan. Ɗan ƙanen Baffa ya ce jajayen karsana biyu ya taras, ɗaya ta mutu a hanyar dawowa, ya nuna wa Arɗo kunnenta da ya yanko ya busar. Ɗayar ga ta nan tsaye, ta zama saniya, da 'yar maraƙa tana tsotso.

Yaya ta zo da kanta, ta tsaya a gefe cikin mayafi, da sabuwar igiya a hannu wadda ta tufka da ramar da ta roƙa. Maƙerin ya zagaya saniyar, ya duba, ya ce, «Wagga tawa ta. Kasuwa nis saye ta, na yi wata biyu ina ba ta dusa. Na gane tahiyatta.» Ba ƙarya yake yi ba, a fuskarsa ka san ya yarda da abin da ya faɗa.

Arɗo ya juya wajen Yaya. Ta ce, «Ni sau guda nig gane ta, ta bisa danga. Ja ta. Ban iya ƙarawa bisa hakan ga. Ƙanena shi yak kawo ta.»

Duk ido ya dawo kaina. Arɗo ya ce, «Malam, na'ura ta mutu, amma kai kana da rai. Kai kat tsaya gabanta, kai kar rubuta. In ka shaida ta gwauruwag ga ta, maƙeri ya haƙura, don maganakka munka saba bi. Duba ta da kyau.»

Na matsa kusa. Na zagaya ta. A ƙafar baya ta hagu, sama da kofato, akwai ɗan fari. Na tuna sarai na rubuta wannan a ranar: fari a ƙafar baya. Na tuna tawul a kaina, na tuna alamar batir ta koma ja, na tuna har harafin da ya ƙi dannuwa. Abin da ban tuna ba shi ne ƙarƙashin sunan wa na rubuta shi, na Yaya ko na maƙeri. Na rufe ido na nemi karsanar da na koro da hannuna tun daga ƙofar gida har ruga, ban same ta ba. Ni da nake gane saniyar da na yi wa allura shekara uku da suka wuce, wannan ban dube ta ba. Gilashi na duba.

Kalma biyu ake nema a bakina, kuma ba mai ƙaryata ni. Na dubi yaran Yaya a zuciyata, na dubi hantsar saniyar cike da nono. Na dubi maƙerin, shi ma fari bai bar masa komai ba. Na ce, «Arɗo, ban iya shaida. Ban sani ba.»

Maƙerin ya ce shi a shirye yake ya rantse, aka kawo Alƙur'ani ya yi alwala ya rantse. Arɗo, don ya gyara, ya ce to a ba Yaya maraƙar in an yaye ta, maƙerin ma ya ce ya yarda da zuciya ɗaya. Yaya ta girgiza kai. Ta ce, «In uwar tawa ta, ɗiyar tawa ta. In ba tawa ta ba, ban ba marayu abin wani su ci. Allah shi sa albarka.» Aka yi ta ba ta baki, ta ƙi.

Muka kamo hanyar gida a ƙasa, ina tura babur don ta ce ba ta hawa. Gero ya yi kore a dama da hagu, irin koren da muka shekara biyu muna roƙo. Muka hango dangar gidanta, yaran sun fito sun tsaya a bakin hanya suna leƙen bayanmu. Sai ta tsaya.

Ta ce, «Da ka rantse bisa ƙarya, da ban ƙara yi ma magana ba. Wannan ka yi daidai.» Ta juyo ta dube ni. «Amma tun daga ƙohwag gida hab bakin ruga kana riƙe da ita, ko sau guda ba ka dube ta ba?»

Ta miƙo mini igiyar, ta ce in tafi da ita, kada yaran su gan ta a hannunta, sannan ta gyara mayafi ta nufe su.